Shekarar da Na Ɗaure Ƙafar Auwalu

Da sunan Allah nake shiga wannan babi, wanda na daɗe ina kewaye shi. Ku 'ya'yana da jikokina kun taso kun tarar ana cewa bakin mutane ne ya karya ƙafar Auwalu, babban ɗana, wai an yi ta yabon gudunsa ba a cewa masha Allah har abin ya kama shi a tsakiyar fili. Ba ni na ƙirƙiri maganar ba, amma da aka faɗe ta ban musa ba, domin ta yi mini rana. Yanzu ido ya fara ja baya, hannu ma ba kullum yake yarda da biro ba, shi ya sa nake so in ajiye muku yadda abin ya faru tun ina iyawa.

Sana'ata gyaran keke ce, a rumfar nan ta Ƙofar Wambai da kuka sani. Boko na tsaya a ƙarshen firamare, kuma abin da na fito da shi bayan karatu da rubutu shi ne gudu. Ba da takalmi nake yi ba, amma ba a cika wuce ni ba. Da na girma sai samarin unguwa suka riƙa bina bayan sallar asuba muna fita bakin kwalta, tun muna mu uku har muka haura ashirin. Su suka sa mini suna Koci. Ban taɓa zama gaban wani masani ya koya mini yadda ake horar da mutum ba, abin da jikina ya yi a ƙuruciya shi na ɗauka ilimi. Nakan ce musu su buɗe ƙafa, su jefa ta gaba iyakar iyawarsu, wai mai dogon taku shi ke cinye hanya. Ina son in ji dunduniya tana dukan kwalta, in ban ji ƙasa tana amsawa ba sai in ce ana yi mini ha'inci. Wanda kuma ya zo da kukan ciwon ƙwauri ko gwiwa, sai in yanko tsohuwar robar cikin taya in naɗe masa wurin tamau, in ce ya daure. Har yaran suka mayar da abin waƙa, suna cewa maganin Koci biyu ne, a ɗaure ka, ka daure. Ni kuwa in na ji sai in ji daɗi, ina ganin yabo ne.

Auwalu ya fi su duka. Ba don ɗana ne na faɗa ba, duk wanda ya gan shi a lokacin zai shaida. Dogo ne marar nauyi, numfashinsa ba ya ƙarewa. Sai dai kun san al'adarmu a kan ɗan fari. Uwarku Hajara ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce yaron nan, ba ta kuma shiga maganarsa a gaban mutane. Ni ma haka na taso na gani, ba a nuna wa ɗan fari tausayi a fili. Wannan kunyar na ɗauko daga cikin gida na kai ta bakin kwalta. Ɗan wani in ya matsa da kukan ciwo nakan ce ya huta kwana biyu, saboda ina tsoron ubansa ya zo rumfa. Nawa kuwa ba mai zuwa mini a kansa, kuma ba na so a ce Koci yana lallaɓa ɗansa. Saboda haka duk abin da na sa sauran, shi sai na ƙara masa.

A shekarar da nake ba ku labari Auwalu yana da ashirin. Aka yi sanarwa za a yi tseren tantancewa a babban filin wasa na gari, za a zaɓi waɗanda za su wakilci jiha, aka kuma ce wata hukuma ta masu kaki za ta turo mutanenta su ɗauki waɗanda suka yi fice aiki. Aiki ne mai albashi da fansho, ga yaron da ya gama sakandare yana zaune yana miƙo mini sifana. Saura wata biyu. Sai na ninka masa atisaye a rana ɗaya, safe da yamma, duk a kan kwalta, da kambas ɗin da dunduniyarsa ta cinye ta gefe guda. Ba ranar hutu, har Juma'a. Bayan mako uku ya same ni a rumfa, ya tsuguna, ya sa yatsa ɗaya a tsakiyar ƙwaurinsa na hagu ya ce nan ne, ba ko'ina ba, nan kawai. Ya ce da sai ya yi nisa yake ji, yanzu ko tafiya masallaci yana ji. Ban ajiye tayar da ke hannuna ba. Na ce tsoka ce take sabawa, na miƙa masa roba.

Uwarku ta gani kafin ni, ko in ce ta yarda da abin da ta gani. Wata rana da la'asar ta kawo mini ruwa a tsakar gida, ta tsaya tana gyara murfin kwano wanda ba abin da ya same shi.

"Malam, yaron nan fa in ba ka gida ɗingishi yake yi. In ya ji sallamarka sai ya miƙe."

"To ai kin ga yana iya miƙewa," na ce.

Kunya ta ba ta damar magana ɗaya, ni kuma na ture ta. Daga baya na ji cewa ita ke dafa masa ruwan zafi tana ba ƙanwarsa ta kai masa ɗaki, don kada a ce ita ta kai.

Ranar tseren da kaina na naɗe ƙafar, na ja robar fiye da kullum har ya cije leɓe. Mita dubu biyar ne, zagaye goma sha biyu da rabi. Har zagaye na bakwai yana cikin ukun farko, ina bakin layi ina ihu ya buɗe ƙafa. A kwanar da ke nesa da ni na ga ya yi kamar ya taka rami, alhali ba rami a wurin. Ya ƙara taku biyu ya zauna. Bai faɗi ba, zama ya yi, ya riƙe ƙafar da hannu biyu, sauran suka kewaye shi suka wuce. Kafin in isa wurin har wani dattijo daga cikin 'yan kallo ya ce wannan baki ne, yaro yana tashe haka. Na ji maganar ta shige ni kamar ruwan sanyi, na riƙe ta.

Abokaina suka ce a kai shi wurin mai ɗori, amma jami'an filin suka riga mu, suka sa shi a mota sai asibiti. Da aka ɗauki hoton ƙashi likita ya nuna mini karayar, ya kuma nuna mini cewa ƙashin ya daɗe da tsagewa a wurin, makonni yana tsage ana ta dukansa, ranar dai ya ƙarasa ne. Ya tambaya ko yaron bai taɓa kukan ciwo ba. Na ce yara ba sa faɗa. Auwalu yana kwance yana jina, ya juya fuska bango.

Wata uku ƙafar tana cikin filasta mai tauri. Da aka cire ta fito siririya kamar ba tasa ba, aka tura mu sashen gashin ƙashi. A can muka haɗu da Madam Ngozi, wata mata 'yar kudu da aiki ya kawo Bauchi, ta koyi Hausarta a Kasuwar Muda Lawal wurin cinikin doya da manja, shi ya sa ba ta san kwana-kwana ba. Ta sa Auwalu ya ba ta labarin atisayensa tun daga farko, tana rubutawa. Da ya zo kan robar sai ta ajiye biro ta tambaye shi wane ne kocinsa. Ina zaune a benci, hulata a gwiwa.

"Wani mutum ne a unguwarmu," in ji Auwalu.

"To ka gaya wa wannan mutum, ƙafa ba taya ba ne. Ƙafa ya yi magana tun da daɗewa, shi ya ɗaure masa baki. Baba, kai ma laifinka ne, ka bar ɗanka a hannun jahili."

Na ce gaskiya ne, Madam. Ta ci gaba da wanke mutumin nan tas, ina gyaɗa kai. Abin da ya fi ci mini rai ba zagin ba ne, rufin asirin da yaron ya yi mini ne, ni da na yi masa ƙarya a gaban likita yana ji.

Mako biyu ina fama da kaina, sannan na koma ni kaɗai na same ta lokacin da marasa lafiya suka ragu. Na ce mata mutumin nan na unguwa ni ne. Ta dubi hannuwana masu baƙin mai ta yi dariya, ta ce tun ranar farko ta gane, wa zai rasa bandeji ya samu robar keke in ba mai gyaran keke ba. Ta ce da gangan ta yi zagin, kuma ba ta janye ko ɗaya ba. Sannan ta tambaye ni yara nawa ke bina da asuba. Da na ce sun fi ashirin sai dariyar ta ɗauke. Ta ce in dai ba zan daina ba, to duk ranar da Auwalu zai zo in zo tare da shi in zauna in kalla.

Haka na zama ɗalibi da furfurata. Abin da ta fara sa shi ya ba ni mamaki, domin ba gudu a ciki ko kaɗan. Ya tsaya da ƙafa ɗaya yana kallon bango. Ya hau ɗan dakali ya sauko da ƙafa ɗaya a hankali. Da ya yi haka, ko da ƙafarsa mai lafiya, sai ta nuna mini yadda gwiwar take faɗawa ciki, ƙugun kuma yana zubewa gefe. Ta ce tsokar ɗuwawu da ta gefen ƙugu ba su da ƙarfi, shi ya sa duk nauyin da ya kamata su ɗauka yake sauka a kan ƙwauri. Ta tambaye ni in ƙafar keke ta karkace tana cin taya ta gefe guda, iska nake ƙara mata? Na ce a'a, zama ake yi a bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure wannan a sassauta wancan har ta miƙe. Ta ce to me ya sa na san wannan a keke ban san shi a mutum ba. Shekara talatin ina gyara ƙafar ƙarfe da haƙuri, ta ɗana kuwa iska kawai nake ƙara mata.

A gida tsakar gidanmu ta zama wurin aiki. Bayan asuba ya kwanta a tabarma ya ɗaga ƙugu sama ya riƙe. Ya tsaya a bakin dakalin ɗakin uwarku ya ɗaga dunduniya ya sauke, muna ƙirgawa. Robar nan ma Madam ta ce in kawo, ta ɗaura masa ita a saman gwiwoyi ta sa shi tafiya a karkace kamar ƙaguwa, daga bakin rijiya zuwa zaure, har gefen ƙugunsa ya yi zafi. Ƙannensa suna leƙe suna dariya. Sai da aka yi watanni ta yarda ya fara sassarfa, minti ɗaya gudu minti biyu tafiya, a kan ƙasa ba kwalta ba, yau a yi gobe a huta. Ta ɗauke shi a wayarta yana gudu ta rage saurin hoton, na ga da idona yadda yake jefa ƙafa can gaba, gwiwa a miƙe, dunduniya ta caki ƙasa kamar mai taka birki a kowane taku. Abin da na koya masa ke nan tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Ta ce ya rage tsawon takun ya ƙara yawansa, ƙafa ta riƙa sauka kusa da ƙarƙashin jikinsa, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Ni kuma aikina in rufe ido in saurara, in na ji ƙarar ƙafarsa in ce a sake. Cire tsohon gudu daga jikin mutum ya fi koya masa sabo wuya. Da ya gaji sai ƙafar ta koma gidan jiya, ni ma sau da yawa bakina yakan kusa cewa buɗe ƙafa, in kama shi.

Sauran yaran ma na juya musu tsari. Na hana gudu kullum, na sa kwana biyu a mako na tsayuwa da ƙafa ɗaya da hawa dakali da tsuguno. Na ce duk wanda ya iya nuna ciwonsa da yatsa ɗaya a kan ƙashi, ko ciwon ya bi shi har cikin tafiya, ya daina gudu ya je a duba shi. Kusan rabinsu suka gudu, suka ce Koci ya tsufa ya koma wasan yara.

Shekara ta zagayo, aka sake sanar da tseren, masu kaki kuma za su dawo. A ƙa'idarsu ta shekaru wannan ne karo na ƙarshe da Auwalu zai iya shiga. A lokacin yana gudun rabin awa ba ciwo, gudunsa ya yi kyau, ba ka jin komai sai numfashinsa. Ya kawo fom, akwai wurin da koci zai sa hannu. Muka je wurin Madam. Ta sa shi ɗaga dunduniya da ƙafa ɗaya: ta dama ta yi ashirin da biyar, ta hagu ta tsaya a sha huɗu tana rawa. Ta sa shi tsalle da ta hagun, a na goma ya yamutsa fuska, ta danna wurin tsohuwar karayar ya janye ƙafa. Ta ce bai fara gudun sauri ba ko sau ɗaya, yana bukatar wata uku, tseren kuma saura mako uku. Ta ce mai yiwuwa ya yi ya gama lafiya, mai yiwuwa kuma ƙashin ya sake buɗewa, in ya sake kuwa ba ta yi alkawarin zai koma tafiya daidai ba. Ta ce ita ba ta hana ba, ba ta kuma sa ba, ƙafarsa ce.

Na karɓi fom ɗin na sa a aljihu na ce ba zan sa hannu ba. Ya ce akwai wani koci a Ƙofar Dumi da zai sa masa. Na ce ba a matsayin koci nake magana ba, a matsayin uba, ban yarda ba. Kun san abin da wannan kalma take nufi a gidan nan. Kwana biyu abincinsa yana dawowa yadda aka kai shi.

A rana ta uku da safe ina ɗaura kayan aiki a bayan keke uwarku ta fito ta tsaya a gabana, a gaban ƙannensa duka.

"Malam, Auwalu ba ƙaramin yaro ba ne."

Shekara ashirin da ɗaya ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta.

"Bara ka ce ya yi gudu, ba ka tambaye shi ba. Bana ka ce kada ya yi, ba ka tambaye shi ba. Yaushe za a tambaye shi?"

Na jingine keken na shiga ɗakinsa na zauna a ƙasa na tambaye shi. Ya ce ya ji duk abin da Madam ta faɗa, ya san haɗarin, yana so ya gwada, domin in bai gwada ba zai mutu bai san ko zai iya ba. Ya yi maganar a natse, ba kuka ba tsiwa. Na saurare shi har ƙarshe, karo na farko a rayuwata. Sannan na ce ban yarda ba. Na ga zamansa a kwanar filin nan, ban ga yadda zan sake tsayawa a bakin layi ina jira ba.

Aka yi tseren ba shi. Wanda ya zo na biyu yaro ne da Auwalu yake bari a baya da kusan rabin zagaye kafin karayar, shi aka ɗauka aikin, yanzu yana da muƙami. Auwalu ya koma shagon kawunsa na atamfa a Muda Lawal, inda yake har yau. Kusan shekara biyu gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ya cika wata ukun da Madam ta ce, shi kaɗai, ba tare da ni ba, har ƙafafun biyu suka zo daidai. Kuna ganinsa yanzu da safe yana gudunsa, bai sake kwanciya ciwon ƙafa ba. Cikin yaran da suka tsaya tare da ni ma ba wanda ya sake karyewa a hannuna. Wannan ba ya biyan abin da ya wuce, na faɗa ne don yana cikin labarin.

Kafin in fara rubuta babin nan na je shagonsa na zauna a kan benci har masu ciniki suka tafi. Na ce masa zan rubuta abin da na yi masa, 'ya'yansa su karanta, ina neman izininsa da gafararsa. Yana ninke wata atamfa, bai ɗago ba.

"Wanne za ka rubuta, Baba? Na farko ko na biyu?"

Na ce duka biyun.

"Na farkon tun ina gadon asibiti na yafe, ba ka sani ba ne lokacin. Na biyun kuwa ka sani. Shi ne har yau nake juyawa."

Na ce masa a kan na farko ina roƙonsa ina roƙon Allah har in koma gare Shi. Na biyun kuwa ba zan yi masa ƙarya ba, ko yau aka dawo da fom ɗin ba zan sa hannu ba. Ya ajiye atamfar a kan 'yan'uwanta ya daidaita gefenta.

"To rubuta haka," ya ce. "Ka rubuta kuma cewa da na ci."

Na rubuta. Allah ne Ya san ko da ya ci, amma shi ya ce da ya ci, ni kuma na san gudunsa, ba ni da bakin musa masa.